Haƙƙin Jiki a Kan Mazauna Bayan Gari

 

Yau maganarmu a shirinmu na faɗakarwa a kan sha'anin lafiya ta fi shafar mazauna sababbin unguwannin nan da suka kewaye birnin Kano ta kowace kusurwa, tun daga Rijiyar Zaki da Ɗorayi ta yamma, da Sharaɗa da Na'ibawa ta kudu, zuwa Hotoro da Mariri ta gabas, har a zagayo Kurna da Rijiyar Lemo a kan hanyar Katsina. Unguwannin da dattawanmu da yawa suka san su suna gonaki, amma yau gidaje sun cinye su har sun tsallaka cikin ƙasar Ungogo da Kumbotso. Mutum ya sami fili ya yi gini, ya sami yalwar ɗaki da iska, ya rabu da cunkoson lungu, kuma wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya. Sai dai akwai wani abu da ƙaura zuwa bayan gari ta karɓe mana ba tare da mun lura ba, alhali kuwa shi ne ginshiƙin lafiyar iyayenmu da kakanninmu, wato tafiyar ƙasa da aikin ƙarfi.

Ku dubi yadda mutumin cikin ganuwa yake gudanar da yininsa a zamanin da. Idan ya yi sallar asuba ya karya kumallo, da ƙafa zai tafi rumfarsa a kasuwar Kurmi, da ƙafa zai je gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure a wata unguwa, da ƙafa zai je ɗaukar karatu a zauren malaminsa, kuma idan damina ta faɗi, da ƙafa zai fita ƙofar gari zuwa gona, fartanya a kafaɗa. Uwargida kuwa, ko da tana cikin kulle, kafin tuwo ya sauka daga kan murhu ta yi surfe, ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta ja guga ta cika randuna. Ba na cewa wannan rayuwa babu wahala a cikinta, domin wahala ce ƙwarai, kuma babu mai hankalin da zai so a mai da matanmu kan dutsen niƙa. Abin da nake nufi shi ne, mutanen wancan zamani suna biyan jiki haƙƙinsa ba tare da sun yi niyya ba, tun da neman abinci da kansa yana tilasta musu motsi.

To, yanzu ɗauki ɗan kasuwar da ke da shago a Kantin Kwari amma gidansa yana Rijiyar Zaki. Nisan ya fi ƙarfin ƙafa, don haka daga ƙofar gida sai mota ko Adaidaita Sahu. Ya isa shago ya zauna a kan benci ko kan dilar atamfa tun hantsi har la'asar sakaliya, abinci ma yaro ake aika ya sayo. Magariba ta yi ya sake hawa abin hawa, ya yi isha'i, ya ci tuwo, ya kishingiɗa da waya a hannu har barci ya ɗauke shi. A gida kuwa injin niƙa ya ɗauke wa mata daka, famfon burtsatse da 'yan garuwa sun ɗauke musu jan ruwa, yara ana kai su makaranta a mota a ɗauko su a mota. Abinci ya ƙara maiƙo da zaƙi, aikin da zai ƙone shi ya ragu. Ashe ba abin mamaki ba ne idan hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda a da ake ɗauka cututtukan tsofaffi ne da masu hannu da shuni, suka zama abin da ake jin labarinsa a kan ɗan shekara arba'in.

Wannan alaƙa da ke tsakanin zama da cuta ba zato ba ce, an daɗe da tabbatar da ita. A shekarar 1953 wani likita a ƙasar Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri na birnin Landan, kimanin mutum 31,000. Motocin safa na can masu bene ne, direba yana zaune a kujerarsa yini guda, kwandasta kuwa yana hawa matakala yana sauka don karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa, amma sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su, fiye da kwandastoci. Hikimar da ke ciki ita ce, tsoka idan tana aiki tana zuƙe sukarin da ke yawo a cikin jini ta yi amfani da shi, zuciya tana ƙara ƙarfin bugu ba tare da ta wahala ba, jijiyoyin jini suna zama da laushi suna buɗewa. Idan kuwa aka bar tsoka a kwance, sai sukari da kitse su rasa mai karɓarsu, su taru inda ba a bukatarsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ƙayyade wa baligi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a kowane mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a cikin makon, yara kuwa daga shekara 5 zuwa 17 minti 60 a kowace rana. Minti 150 idan an raba shi, rabin sa'a ne sau biyar a mako. Duk da ƙanƙantar wannan, ƙididdigar hukumar ta shekarar 2022 ta nuna kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba sa cika shi, kuma mata sun fi maza gazawa.

Na san akwai dattijon da yake saurarona yanzu yana cewa a ransa, ai guje-guje aikin yara ne da 'yan ƙwallo, ko kuwa kwaikwayon Turawa ne, bai dace da mai iyali da furfura ba. Baba, da girmamawa nake cewa, wannan fahimta ba ta da asali a cikin karatunmu. Ya tabbata a cikin Sahihaini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ziyarci masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci da ƙafa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake shi kuma ya tsere mata. Sa'ad da Banu Salima suka yi nufin tasowa daga unguwarsu mai nisa su dawo kusa da masallacinsa, umartarsu ya yi da su zauna a inda suke, domin ana rubuta musu ladan takunsu. Kuma ina ganin babu wanda wannan ƙissa ta fi dacewa da shi kamar mazaunin bayan gari. Wanda Allah ya nufa da aikin Hajji ya san sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa, kuma ya ga yadda wanda bai saba da tafiya ba yake galabaita. Malaman ɗibbu ma ba su bar wannan babi ba: Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya sanya motsa jiki a gaba cikin sharuɗɗan kiyaye lafiya a littafinsa Alƙanun, tare da tsarin abinci da barci, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi bayaninsa a cikin Zadul Ma'ad. Jiki amana ne, da shi ake ruku'u da sujada, kuma wanda ya bari gwiwarsa ta sandare tun yana da shekara hamsin saboda zama, ya tauye wa kansa tsayuwar da zai so yi yana da saba'in.

To, mene ne ke gaban mazaunin sabuwar unguwa idan ya ƙudurta niyya?

Abin da ya fara faɗo wa mutane a rai shi ne gidan motsa jiki na kuɗi, wanda samari ke kira jim. A da sai a manyan otal-otal da unguwannin Nasarawa da Bompai ake ganinsu, yanzu kuwa sun fara bin jama'a zuwa bayan gari, sau da yawa a saman benen wata filaza da ke bakin titi. Idan ka shiga za ka ga madubai sun rufe bango, ga injin gudu mai shimfiɗar roba da ke zagayawa ƙarƙashin ƙafa, ga keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, ga ƙarafa an jera su daga mai kilo biyu har wanda sai ƙato, ga koci yana zagayawa yana gyara wa mutane tsayuwa. Ana biya ko na yini, ko na wata, ko na shekara. Amfaninsa a fili yake: akwai inuwa a lokacin bazara, akwai kariya daga ƙurar hunturu, akwai mai koyarwa, kuma kuɗin da mutum ya biya kan tashe shi daga barci a ranar da kasala ta danne shi.

Amma kafin ka miƙa kuɗinka, ɗan'uwa, ga abin da nake ba ka shawara. Zaɓi wanda ke kusa da gidanka ko a kan hanyar aikinka, ko da bai kai na cikin gari ƙawa ba, domin wanda sai ka ratsa cunkoson Kabuga ko na Ɗangi kafin ka isa, da wuya ka cika wata biyu kana zuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin zuwa da dawowa na iya fin kuɗin rajistar kansa. Je ka a daidai lokacin da za ka riƙa zuwa, ka ga ko injinan suna aiki idan an ɗauke wuta, ko iska tana shiga, ko ana goge benci bayan gumin wani, ko akwai wurin alwala da salla. Ka lura da kocin: idan ranar farko bai tambaye ka shekarunka ba, bai tambaye ka ko kana da hawan jini ko ciwon baya ba, sai kawai ya ɗora maka ƙarfe, to, wannan ba malami ba ne, kuma idan ya fara tallata maka wani gari ko ƙwaya da yake sayarwa, ka kama kanka. Kada ka biya kuɗin shekara a karon farko, ko da an yi maka ragi; biya na wata guda ka gwada kanka tukuna.

Akwai kuma wani irin gidan motsa jikin da ba ya da allo a ƙofa, kuma na fi ganin albarka a cikinsa fiye da yadda mutane ke zato. A kusan kowace unguwa za ka sami kango ko bayan wani gareji inda samari suka haɗa kayansu da hannunsu: an cika manyan gwangwanayen madara da siminti an soka bututun ƙarfe a tsakani, an samo tsofaffin ƙarafan mota daga wurin 'yan gwangwan an kai wa mai walda ya haɗa, an kafa katako a kan bulo ya zama benci, an gicciya ƙarfe tsakanin bango biyu ana lilo a kai. Da asuba ko bayan la'asar za ka ji ƙarar ƙarfe da kirarin da suke yi wa juna. Waɗannan 'yan ɗaga ƙarfe jikokin 'yan kokawa ne da 'yan dambe da 'yan langa, kuma saurayin da ya san gobe da sassafe zai ɗaga nauyi, ba kasafai yake kwana a majalisar banza ba. Bai kamata iyaye da masu unguwanni su yi musu kallon 'yan daba ba tun ba su ga laifinsu ba. Kamata ya yi a jawo su a jiki, a san babbansu.

Sai dai, samari, ku ji wannan da kunnen basira. Akwai allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayarwa a ɓoye, masu kwaikwayon sinadarin namiji da jiki ke samarwa da kansa. Gaskiya ne suna kumbura ƙirji da damtse cikin 'yan makonni, amma suna lahanta hanta, suna ta da hawan jini, suna kaurara naman zuciya, suna sa zafin rai, kuma idan jiki ya ga ana kawo masa sinadarin daga waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, har saurayin da ake kallo ana sha'awa ya yi aure ya rasa haihuwa. Haka nan mai shan tiramadol don kada ya ji gajiya, ya sani ciwo ɗan aike ne da ke gaya masa ya dakata, wanda ya toshe bakin ɗan aiken kuwa sai ya ji labari a asibitin ƙashi na Dala. Ƙarfin da aka gina da wake da gyaɗa da ƙwai da barci isasshe yana jinkirin zuwa, amma shi ne mai zama.

Ga mafi yawanmu kuwa, waɗanda ba su da kuɗin jim kuma sun wuce shekarun kango, babu abin da ya kai tafiyar ƙasa, kuma a ganina ita ce asali, sauran duk ƙari ne. Masu zuwa Filin Sukuwa da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da safiyar Asabar, da masu hawa Dutsen Dala ko Gwauron Dutse, suna kyautawa. Amma lafiya ba ta ginuwa da yini ɗaya a mako, kuma mutumin Mariri ba zai je Ƙofar Mata kullum ba. Layin gidanku ya isa. Ma'aunin matsakaiciyar tafiya mai sauƙi ne: ka yi sauri har numfashinka ya ɗaga, jikinka ya yi ɗumi, amma kana iya yi wa abokin tafiyarka magana. Kada lissafin taku 10,000 da wayoyi ke nunawa ya karya maka gwiwa, domin asalin wannan adadi sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka tallata a Japan a shekarar 1965, kuma amfani yana farawa tun kafin a kai can. Sauka daga Adaidaita Sahu tun da sauran tazara ka ƙarasa da ƙafa, tafi masallacin Juma'a da ƙafa idan ana iyawa, ka bar babur a gida idan cefane za ka yi a bakin titi. Wanda zai fita bayan asuba ya nemi abokai biyu ko uku daga sahun masallaci, saboda masu ƙwacen waya, kuma ya bi gefen hagu na titi yana fuskantar motocin da ke tahowa, da tufa mai haske.

Yanayin garinmu yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, ba a motsa jiki da tsakar rana, kuma a sha ruwa kafin ƙishi ya zo. A ranakun da hazo ya yi kauri, mai asma ya yi nasa a ɗaki. Da azumi kuwa a bari sai an sha ruwa, ko bayan tarawihi. Wanda ya haura arba'in, ko yake da ƙiba, ya fara zuwa a auna jininsa, domin hawan jini ba ya sallama, kuma idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, maganar likita ce ke gaba da ta koci. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar sukari, ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa idan ya dawo. Duk wanda ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Yanzu bari in juyo ga iyayenmu mata da ƙannenmu, domin su ne wannan canji ya fi cutarwa, kuma su ne aka fi mantawa da su. Namiji ko ba komai yana fita. Mace kuwa a sabuwar unguwa, inda katanga ta yi tsawo kuma maƙwabta ba su san juna ba, tana iya yin mako ba ta taka abin da ya wuce tsakanin ɗaki da kicin ba. Ga haihuwa, ga ciwon baya da na gwiwa, sa'an nan ga masu tallar shayin rage tumbi ta wannan gefe, da masu tallar ƙwayar ƙiba ta wancan, alhali wasu ƙwayoyin ƙibar magunguna ne masu ƙarfi da ke kumbura fuska, su raunana ƙashi, su jawo ciwon sukari. Akwai wuraren da suka keɓe wa mata lokaci ko ɗaki nasu da mace mai koyarwa, kuma muna roƙon masu wannan sana'a su yawaita haka, da sitira cikakkiya, da hana ɗaukar hoto. Wadda ba ta sami wannan ba, tsakar gida ma fili ne: zagaye da sauri na rabin sa'a, tsallen igiya ga mai ƙuruciya, zama da tashi daga kujera sau goma-goma, ɗaga galan ɗin ruwa. Malam mai gida, kai ne za a tambaya a kan abin da aka ba ka kiwo. Ka ba ta izini ta fita tattaki da maƙwabtanta, ko ma ka raka ta da kanka bayan isha'i, ka ga ai wanda ya fi ka daraja ya yi tsere da iyalinsa.

Akwai magana ɗaya da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Unguwanni da yawa an yanka su fuloti bayan fuloti ba a bar ko taƙi guda na wasan yara ba, wanda aka bari kuma a hankali ya zama shaguna. Filayen makarantun firamare an kewaye su da rumfuna, tituna babu gefen masu tafiya da ƙafa, har yaro ba ya da wurin buga ƙwallo sai tsakiyar layi, tsakanin babura da kwata. Ta yaya za a ce yaro ya yi motsi na minti 60 kullum alhali ba a bar masa inda zai yi ba? Ina kira ga hukumomin tsara gari da shugabannin ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su tsare ɗan abin da ya rage. Ina kira ga shugabannin makarantu su buɗe filayensu ga jama'ar unguwa da safe da yamma bisa tsari, a keɓe wa mata nasu lokaci. Ina kuma kira ga attajiranmu, waɗanda Allah ya hore wa filaye a Kumbotso da Ungogo da Gezawa tun gari bai isa can ba: kamar yadda kuke waƙafin masallaci da rijiya, ku yi waƙafin fili, a rubuta shi a gaban alƙali da shaidu don kada magada su sayar, a dasa darbejiya a kewaye, a bar wa yara da tsofaffi da mata. Unguwar da ba a gina ba tukuna ita ce ake iya ceto, kuma yau ne fulotin yake da araha.

Kai kuma mai saurarona, kada ka jira a gina fili ko albashi ya ƙaru. A cikin makon nan ka je asibitin da ke kusa da kai a auna jininka, gobe kuma idan an idar da sallar asuba ka dafa maƙwabcinka ku taka zuwa ƙarshen layi ku dawo, minti goma ya isa a rana ta farko.